Tambayoyi da Amsoshi kan Matsalolin Haidurolik a Ƙaramar Loda Ƙirar Gida

Loda inji ce mai hannu da bokiti a gaba da ake ɗiban ƙasa ko kaya da ita, haidurolik kuma shi ne tsarin man da ake turawa da matsi ya motsa ta. Neman ciwon loda ƙirar gida ya sha bamban da na lodar kamfani. A ta kamfani, an riga an auna famfo da bawul da tiyo an tabbatar sun dace da juna, don haka in ta tsaya, wani abu ne ya ci ko ya karye. A ta gida kuwa, famfo daga nan aka samo shi, bawul daga jikin tsohuwar tarakta, silinda daga wani inji dabam. Sau da yawa kowane ɓangare lafiyarsa ƙalau, zamansu tare ne bai yi ba. Shi ya sa tambayar farko kullum ita ce: lodar ta taɓa aiki daidai daga baya ta canza, ko tun ranar da aka tayar da ita haka take? In ta taɓa yi, nemi abin da ya lalace. In ba ta taɓa yi ba, koma kan haɗin da lissafin.

Da me zan fara kafin in kwance komai?

Da abu uku: gejin matsi mai kaiwa bar 250 ko 400 (bar shi ne awon matsi), agogo mai daƙiƙa, da ma'aunin zafi. Wanda ba shi da geji, canki-canka yake yi da kuɗinsa. A ɗaura gejin da mahaɗi mai kai uku a kan tiyon da ya fito daga famfo zuwa bawul, in da hali a bar shi nan dindindin.

Akwai abin da ya kamata ya zauna a kai tun yanzu, domin duk sauran amsoshin a kansa suka dogara. Famfo ba matsi yake samarwa ba, mai yake turawa. Matsi yana tashi ne lokacin da man ya ci karo da abin da ya tare shi, wato nauyin kaya ko ƙarshen silinda. Yawan litar da famfo ke turawa a minti shi ne saurin loda, matsi kuma shi ne ƙarfinta. Rashin sauri maganar yawan mai ce, rashin ƙarfi maganar matsi ce. Wanda ya raba waɗannan biyu ya yi rabin gyara.

Kafin a kunce ko da noti ɗaya: a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a kaɗa kowace liba gaba da baya sau da yawa don matsin da ya maƙale ya fita. Idan aikin sai hannun loda yana sama, a tokare shi da ƙarfe mai ƙwari. Mai kaɗai ba ya zama madogarar wanda zai shiga ƙarƙashin hannu.

Inji yana aiki, na ja liba, babu abin da ya motsa. Mene ne?

Buɗe murfin tanki ka duba ko mai yana dawowa yana motsi. Idan shiru ne, famfon ba ya turawa, kuma dalilan ba su da yawa. Ko mai ya yi ƙasa da bakin tiyon tsotso, ko kofulin yana juyawa amma makullin da ke riƙe shi da shaf ya yanke, ko an manta bawul ɗin da ke gindin tanki a rufe, ko kuma famfon yana juyawa ta baibai. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a sabon haɗi. Famfo mai giya, wato mai haƙoran ƙarfe masu juyawa a ciki, yawanci ɓangare ɗaya aka yi shi ya juya, dama ko hagu, ana gane hakan ne idan an fuskanci shaf ɗin, kuma ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta tsotso. In aka juya shi ta baibai, ba ya jan mai, kuma yakan fasa sil ɗin shaf, robar da ke hana mai yoyo, cikin ɗan lokaci. Kada a bar shi yana juyawa a bushe, daƙiƙu kaɗan sun isa su kankare cikinsa.

Idan mai yana dawowa tanki amma geji bai tashi ba ko da an ja liba, to man ya samu hanyar da ta fi sauƙi. Duba bawul ɗin kariya, wanda makanikai ke kira rilif. Ɗan kashin walda ko guntun roba in ya tokare shi a buɗe, duk man zai zarce tanki. A kwance shi, a wanke, a duba sifirin ɗinsa bai karye ba. Sai kuma a bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya: P daga famfo, T zuwa tanki, A da B zuwa kai biyu na silinda.

Tana ɗaga bokiti fanko, amma da an cika shi sai ta gaza. Famfo ne ya mutu?

Ba lalle ba ne, kuma a nan ne aka fi sayen famfo a banza. Tura silinda ɗaya har ƙarshenta, riƙe liba na daƙiƙa biyu ko uku, karanta geji. Abin da ya nuna shi ne inda rilif yake buɗewa. Ƙananan lodoji irin waɗannan galibi tsakanin bar 140 zuwa 200 ake sa su, gwargwadon abin da famfo da tiyo da silinda za su iya ɗauka.

Idan geji ya tsaya a bar 70 ko 80, gwada daidaita rilif: sassauta notin kulle, juya sukurun ciki rubu'in juyi, sake aunawa. Kada a taɓa yin wannan ba geji, kada kuma a wuce ƙarfin ɓangaren da ya fi kowanne rauni a cikin haɗin. In ana juyawa amma matsin ya ƙi tashi, musamman in yana da ɗan dama da mai mai sanyi sannan ya zube da mai ya yi zafi, to a nan ne za a zargi famfo. Man da ya yi zafi ya tsinke, yana sulalewa ta gefen giyar da ta ci.

Idan kuwa matsi ya kai bar 160 cur amma kaya sun ƙi tashi, haidurolik ya yi nasa, matsalar tana wurin da aka kafa silinda. Ga lissafin. Silinda mai faɗin ciki milimita 63, fuskar fistin ɗinta murabba'in santimita 31 ce da ɗoriya. A bar 160 tana tura kusan tan 5, biyu su tura tan 10. Amma wannan ƙarfin ba shi ke isa bokiti ba. Auna tazarar da ke tsakanin fin ɗin da hannu ke juyawa a kai da layin da silinda ke turawa, aunawa ta miƙe, sannan ka auna tazarar fin ɗin zuwa tsakiyar kaya. In ta farko santimita 15 ce ta biyu 150, tan 10 ya koma tan 1, a ciki kuma za a cire nauyin hannu da bokiti. In silindar ta kwanta sosai kusa da hannu lokacin da yake ƙasa har tazarar ta koma santimita 8, abin da ya rage wajen kilo 530 ne kawai. Lodar da take nishi a ƙasa amma ta yi ƙarfi da hannu ya ɗan tashi, wannan ne ciwonta. Maganin shi ne sauke mazaunin gindin silinda ko sa mai faɗi, ba matse rilif ba.

Abin lura a gefe: ƙarfin ɗagawa ba shi ne kayan da ya kamata a ɗauka ba. A lodoji masu taya da ke juyawa a wuri ɗaya, ƙa'idar masu ƙira ita ce kayan aiki kada su wuce rabin nauyin da zai sa ƙafafun baya su bar ƙasa.

Hannu yana tashi amma kamar hawainiya. Yaya zan san ko haka ya kamata ya yi?

Lissafa lokacin da ya kamata, sannan ka auna da agogo. Girman famfo ana rubuta shi da sisi (cc), wato yawan man da yake turawa a kowane juyi, sisi 1,000 kuma lita ɗaya ce. Famfo mai sisi 8 a juyi 3,000 a minti yana ba da lita 24 a takarda, a zahiri wajen 21 zuwa 22. Silinda biyu masu faɗin milimita 63 da tafiyar santimita 50 suna cin lita 3.1. Ke nan daga ƙasa zuwa sama daƙiƙa 8 zuwa 9. In agogo ya nuna haka, babu abin da ya lalace, famfon ne ƙarami ga silindar. In ya nuna daƙiƙa 15 ko 20, mai yana ɓacewa a hanya. Duba ko inji yana kai juyinsa, ko bel yana zamewa, ko liba tana tura sandar bawul har ƙarshe. Wannan na liba ana yawan tsallake shi, alhali ƙarafan da aka haɗa da hannu sukan tsaya rabin hanya. Sauran masu laifi su ne tsotson da ya toshe, rilif mai ɗiga, da famfon da ya ci. Gwada fanko da kuma da kaya: famfon da ya ci yana da sauri fanko, da kaya kuma ya rage ƙwarai.

Me ya sa inji yake mutuwa da zarar na ɗora wa loda aiki?

Famfo ya fi ƙarfin injin. Ninka lita a minti da bar, ka raba da 600, abin da ya fito kilowat ne. Lita 24 a bar 160 kilowat 6.4 ne, in an ƙara asarar cikin famfo ya kai wajen 7.5, wato ƙarfin doki 10. Inji mai doki 13 zai ja wannan. Amma in aka ɗaura masa famfo mai sisi 16, buƙatar ta koma doki 17 tun kafin a lissafa asara, dole ya shaƙe. Ko a rage famfo, ko a rage matsi, ko a rage juyin famfon da fuli.

Idan kuma injin yana nishi tun ba a taɓa liba ba, duba geji. Da liba a tsakiya, matsi ya kamata ya zama kaɗan ƙwarai. In ya tsaya a saman rilif, to an haɗa famfo mai giya da bawul mai rufaffiyar tsakiya. Famfo mai giya ba ya daina turawa, saboda haka sai da bawul mai buɗaɗɗiyar tsakiya, wanda ke barin mai ya wuce tanki lokacin da ba a aiki. Wasu bawul-bawul toshe ɗaya ne ke mayar da su daga wannan zuwa wancan, a duba wanda ke ciki.

Famfo yana kuka, mai yana kumfa. Abu ɗaya ne?

Ciwo biyu ne masu kama da juna, kuma duk biyun a ɓangaren tsotso suke.

Na farko yunwar mai. Famfo yana ja amma man bai isa ya cika shi ba, sai ƙananan kumfa su fito a cikin man su fashe da ƙarfi a ɓangaren matsi, suna ɓantarar ƙarfe. Kukansa siriri ne mai tsayi, yana ƙaruwa da juyin inji, ya fi tsanani da mai mai sanyi. Abin da ke kawo shi: tiyon tsotso siriri ko dogo, rariyar cikin tanki da ta toshe, mai mai kauri da yawa, murfin tanki marar numfashi, ko famfon da aka kafa can sama da tanki. A tiyon tsotso gudun mai kada ya wuce mita 1.2 a daƙiƙa. Ga lita 24 a minti, wannan yana nufin faɗin ciki na milimita 20 zuwa sama, don haka inci ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Kuma sai tiyo mai waya a naɗe a cikinsa, irin SAE 100R4. Tiyo na banza yakan shafe idan mai ya yi zafi, ya koma daidai da an kashe inji, mai nema ya yi ta dubawa bai ga komai ba. Filta mai laushi ba a sa ta a tsotso. Rariya mai huji kamar maikiron 150 (awon ƙanƙantar huji) ta isa a can, ita kuwa filta mai maikiron 10 wurinta hanyar dawowa.

Na biyu iska ce ke shiga. Kukan ba ya da tsari, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, mai a tanki yana kumfa, silinda tana fizga. Wurin da iska ke shiga ba lalle ya yi yoyon mai ba, domin ja ake yi ba turawa ba. Shafa giris a kan mahaɗan tsotso ɗaya-ɗaya inji yana aiki, inda kukan ya canza nan ne. In ba a samu ba, duba sil ɗin shaf na famfo.

Wani lokaci tankin ne da kansa ke dama iska da mai. Bututun dawowa dole ya nutse ƙarƙashin mai, ba ya zubo daga sama ba. A raba shi da bakin tsotso da faifan ƙarfe a tsakiyar tanki, don mai ya zaga ya huce ya saki iskarsa kafin famfo ya sake jan sa. Bakin tsotso a ɗaga shi kamar santimita 5 daga gindin tanki saboda datti.

Mai ya koma kamar madara.

Ɗiba a kwalba ka ajiye na ɗan lokaci. In ya washe, iska ce. In bai washe ba, ruwa ne, kuma ɗigo ɗaya a kan ƙarfe mai zafi zai yi tartsatsi ya tabbatar. A zubar da man duka har da na cikin silinda, a canza filta, a gyara murfin da ruwa ke bi.

Mai yana zafi sosai bayan rabin awa. Nawa ne zafin da ya wuce kima?

Abin so shi ne man tanki ya tsaya ƙasa da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos. Sama da haka man yana saurin tsufa, in ya haura 80 kuma sil-sil sun fara taurarewa suna tsagewa. Zafi a haidurolik ƙarfin inji ne da bai yi aiki ba. Duk inda mai ya sauko daga babban matsi zuwa ƙarami ba tare da ya motsa komai ba, ƙarfin nan zafi ya koma. Lita 24 da ke bi ta rilif a bar 160, kilowat 6.4 ne na zafi zalla ake zubawa cikin tanki.

Saboda haka kafin a sayi lagireton mai, a nemo inda zafin ke fitowa. Bi haɗin da ma'aunin zafi, ɓangaren da ya fi maƙwabtansa zafi shi ne ke ɓarnar. Rilif da aka sa kusa da matsin aiki yana ɗiga kullum. Libar da ba ta komawa tsakiya sosai tana shaƙe hanya. Tiyon matsi siriri da tarin gwiwoyi suna cin nasu. Ga lita 24, tiyo mai rabin inci ya wadatar a ɓangaren matsi.

Hanyar dawowa kuma a ba ta faɗi fiye da yadda ake zato. Lokacin da silinda ke komawa ciki, man da ke fita ta gindinta ya fi wanda famfo ke turawa yawa, domin rodi, wato sandar da ke fita daga silinda, ya cinye wani fili a ɗaya ɓangaren. Silinda mai milimita 63 da rodi mai 35, in lita 24 ta shiga, kusan 35 ke fita. Filtar da aka saya daidai da lita 24 ta yi kaɗan.

Tanki ma yana da nasa. A injuna masu tafiya, mafi ƙaranci ya ɗauki man da famfo ke turawa a minti ɗaya, in ya fi haka ya fi kyau. Lodar da tafiyarta ma da mai take yi, da wuya tanki kaɗai ya isa, sai da lagireto da fanka a hanyar dawowa.

Hannu yana sauka da kansa in na bar shi a sama. Sil ɗin fistin ne?

Kowa nan yake fara zargi, amma ga silindar ɗagawa sau da yawa ba shi ba ne. Idan kaya suna danna rodi ciki kuma ƙofofin silinda biyu a toshe suke ƙam, ko da sil ɗin fistin ya mutu rodin ba zai iya shiga ba, domin silindar cike take da mai kuma babu inda man zai je ya ba rodin wuri. Zai ɗan motsa, matsi ya daidaita a ɓangare biyu, ya tsaya. Kafin hannu ya ci gaba da sauka sai mai ya fita daga silindar, ko ta yoyon waje, ko ta sandar bawul. Sandar bawul ba ta da roba a ciki, ƙarfe ne a cikin ƙarfe da ɗan siririn fili, don haka saukar 'yan santimita cikin mintoci masu yawa abu ne da aka saba gani. Sauka mai sauri ita ce alamar bawul ya ci. Sil ɗin da ya mutu yana ƙara tsananta abin, saboda kayan sun koma kan faɗin rodi kaɗai, matsi ya ninka, ɗigar bawul ta ƙaru.

Silindar bokiti kuwa, a mafi yawan ƙira kaya jan rodinta waje suke yi, kuma a wannan yanayin sil ɗin fistin shi kaɗai ya isa ya sa bokiti ya riƙa kifewa.

Gwajin sil ɗin fistin: tura silinda har ƙarshe, tokare hannu, kashe inji, saki matsi. Cire tiyon ɓangaren rodi ka toshe bakin tiyon da toshen ƙarfe. Tayar da inji, ja liba ta ɓangaren turawa kawai. In mai yana zuba daga ƙofar da ke buɗe, sil ya mutu. In ɗigo ne kawai ko babu, koma kan bawul.

A sabon haɗi, in hannu yana faɗowa nan take da an saki liba, duba irin sandar bawul ɗin. Akwai wadda aka yi don moto mai juyawa, tana buɗe A da B zuwa tanki a tsakiya, ba ta riƙe silinda ko kaɗan. Wanda ke son hannu ya tsaya cak, ya sa bawul ɗin riƙe kaya a jikin silindar, irin wanda ba ya buɗewa sai matsi ya zo daga ɗaya layin.

Da na ja liba don ɗagawa, hannu yakan ɗan faɗi kafin ya tashi.

A cikin bawul ɗin loda akwai ɗan bawul mai hanya ɗaya da ke hana mai komowa baya kafin matsin famfo ya kai na kaya. Ko datti ya tokare shi, ko sifirin ɗinsa ya karye, ko bawul ɗin da aka saya ba shi da shi sam.

Na ƙara bawul na biyu, yanzu ko dai babu mai aiki ko na farkon yana yoyo. Ina kuskuren?

Hanya biyu ake kuskurewa. Wasu sukan raba tiyon famfo biyu, kowane bawul ya samu reshe. Da yake dukansu buɗe suke a tsakiya, duk wanda aka ja, mai sai ya gudu ta ɗayan zuwa tanki, matsi ba zai taɓa tashi ba. Wasu kuma sukan ɗauki ƙofar T ta bawul na farko su kai P ta na biyu. Wannan yana aiki na ɗan lokaci, shi ya sa yake da haɗari. Ɓangaren T ba a yi shi don babban matsi ba. Duk lokacin da bawul na biyu ya yi aiki, matsinsa yana komawa can, ya fitar da zoben robar sandar, wani lokaci ya tsaga bodin, kuma rilif na farko ba zai yi aikinsa daidai ba.

Daidai shi ne a yi amfani da ƙofar miƙa matsi gaba, wadda ake rubuta wa PB ko N, tare da toshen musamman da ke raba ta da hanyar tanki. Daga nan tiyo ya tafi P ta bawul na biyu, kowane bawul kuma T ɗinsa ta tafi tanki da kanta. Ke nan bawul na farko, ban da tiyoyin silinda, tiyo uku ne manya a jikinsa, ba biyu ba.

Gefe ɗaya na hannu yana riga ɗaya tashi, rodi kuma yana yawan yoyo.

Silinda biyu da ke shan mai daga layi ɗaya ba su san daidaito ba, wadda ta fi sauƙi ita ke fara tafiya. Abin da ke haɗa su shi ne bututun ƙarfe mai kauri da aka walda tsakanin hannaye biyu. In ya yi siriri, hannun zai murɗe. A tabbatar fin-fin ɗin gefe biyu suna kan layi ɗaya, kuma silindar biyu girmansu da tafiyarsu ɗaya. Fin da ya karkace yana danna rodi gefe, sil ya ci ta ɓangare ɗaya, a canza, ya sake ci. Duba rodin ma: tartsatsin walda ko ƙarzanta ɗaya ya isa ya yanka sabon sil. Lokacin walda a rufe rodi, a kuma maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aiki don wuta kada ta bi ta cikin silinda.

Mahaɗi yana yoyo ko na matse shi iya ƙarfina.

Ƙarin matsewa ba ya gyara mahaɗan da ba jinsi ɗaya ba. JIC da bakinsa mai kusurwar digiri 37 yake toshewa, BSP da baki mai digiri 60 ko washa mai roba, NPT da tiredinsa mai tsukewa, ORFS da zoben roba a fuska. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne BSP da NPT masu rabin inci: dukansu tiredi 14 ne a inci, suna shiga juna, amma kusurwar tiredin ta bambanta, ɗaya 55 ɗaya 60, ba za su taɓa toshewa da kyau ba. Farin tef na masu aikin famfon ruwa ba shi da amfani a JIC ko mai zoben roba, guntayensa kuma su ne ke zuwa su tokare rilif. Gwiwoyi da bututun ruwa ba su da wuri a layin matsi, fashewa suke yi. Tiyon matsi a nemi mai waya ninki biyu, irin SAE 100R2, a karanta matsin da aka rubuta a jikinsa, a ba shi sarari ya lanƙwasa ba tare da murɗewa ko gogar ƙarfe ba.

Yoyon da ba a gani da ido, da kwali ake neman sa, ba da hannu ba. Siririn mai daga ɗan huji yana huda fata ko a bar 7, balle 160. Raunin yakan yi kama da tsinin allura, amma man yana kashe nama a ciki. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti nan take, ya faɗa wa likita man haidurolik ne ya shiga da matsi, domin aikin tiyata ne na gaggawa kuma jinkirin awoyi yana jawo yanke yatsa ko hannu.

Lodar ba ta da ƙarfin tafiya, ko tana karkata gefe ɗaya.

Moton ƙafa ma da lissafi ake zaɓensa. Ninka sisinsa da bar ka raba da 63, ka samu ƙarfin murɗawa. Moto mai sisi 200 a bar 140 yana ba da wajen 445 na niyuton-mita a takarda. A taya mai tsayin santimita 50, wannan turin kilo 180 ne kacal a ƙasa, wanda ya yi kaɗan ga lodar da za ta kutsa tsibin ƙasa. Shi ya sa ake rage gudu da sarƙa ko a sa moto mafi girma. Lita 24 a moton nan juyi 120 ne a minti, kusan kilomita 11 a awa, ke nan akwai gudun da za a iya sayarwa a sayi ƙarfi.

Karkata tana zuwa ne in moto biyu suna raba mai daga layi ɗaya, domin man yana bin ƙafar da ta fi sauƙi. Kowane gefe ya samu famfonsa shi ya fi. Kafin a zargi moto, a duba iskar tayoyi da tafiyar libobi. In ana zargin moto ɗaya, a musanya tiyoyin gefe biyu: ciwon da ya tsaya a gefensa na moto ne, wanda ya bi tiyo na famfo ko bawul ne. Lodar da ke tsayawa da fizga har tiyo ya yi tsalle tana buƙatar rilif mai haɗa layukan moto biyu. Sil ɗin shaf na moto da ke yawan fashewa kuma matsin dawowa ne ya yi yawa, a ja siririn tiyo daga ƙofar zubar da man bodinsa kai tsaye zuwa tanki. A masu famfon tafiya mai fistin, a duba ɗan bawul ɗin da ake buɗewa don a tura injin da hannu, in an bar shi a sassauce loda ba ta motsawa.

Wane mai zan zuba?

Man haidurolik mai maganin hana ci, wanda ake rubuta wa AW ko HLP. Lambar ISO VG kaurinsa ce a digiri 40: 32 don sanyi, 46 don matsakaicin yanayi, 68 don wurin da zafi ya yi yawa. Man birki ba ya shiga nan ko kusa, yana lalata robobin. Sabon mai ma a tace shi wajen zubawa. Sabon tanki kuma a kankare kashin walda, a wanke, kada a yi masa fenti a ciki, a canza filtar farko bayan 'yan awoyin aiki domin ita ke kwashe dattin haɗi.

Mahaɗin gaggawa, wanda ake turawa da hannu ya kama, ya ƙi shiga bayan na'urar da ake ɗaura wa loda ta daɗe a rana.

Man da aka kulle a layi yana kumbura da zafi, a bututun ƙarfe kusan bar 10 ga kowane digiri ɗaya. Rufe mahaɗin tiyon da tsumma mai kauri, sassauta notinsa a hankali man ya ɗiga. Nan gaba a haɗa kan tiyoyin biyu da juna lokacin ajiya. Mahaɗin da bai shiga har ƙarshe ba yana toshe hanya, na'ura ta yi tafiya ɓangare ɗaya ta ƙi komowa.

Yaya ake tayar da loda bayan an canza famfo ko silinda?

Idan tsohon famfo ya ci har ya zubar da garin ƙarfe, a wanke tanki da tiyoyi, a canza filta da mai, in ba haka ba garin zai cinye sabon. Zuba mai a cikin sabon famfo ta ƙofar tsotso, juya shi da hannu. Duba kofulin ya miƙe da shaf, da ɗan sarari tsakanin haƙoransa, ba a buga shi da guduma ba. In da bel ake jan famfon, a sa masa mazauni mai boris nasa, domin famfo mai giya ba ya son jan gefe. Sassauta rilif. Tayar da inji a silo, bar mai ya zaga na minti biyu ko uku da libobi a tsakiya. Sannan motsa kowace silinda a hankali ba kaya, sau biyar zuwa goma, zagayen farko ba tare da kaiwa ƙarshe ba, domin iskar da aka matse da sauri tana zafi har ta ƙone sil. Ana yi ana duba tanki ana ƙara mai, awon ƙarshe da silinda duk a ciki don kada ya yi ambaliya daga baya. Da fizgar ta daina, kumfa ta kwanta, sai a ɗaga juyin inji, a daidaita rilif da geji rubu'in juyi bayan rubu'in juyi, a kulle notinsa, a rubuta matsin da daƙiƙun ɗagawa a jikin tanki don a samu abin kwatantawa nan gaba.